Kalmar “disturb” a Turanci: tambayoyi da amsoshi

Da wuya a sami ɗan makaranta a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu da bai san kalmar *disturb* ba. Tun daga firamare ake jin ta a bakin monita, ga ta a waya, ga ta a labarai. Wannan sabo da aka yi da ita ne ya sa ba a tsayawa a duba ta, sai ranar da aka dawo wa ɗalibi da takardar insha'insa an ja jan biro a ƙarƙashinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shirin WAEC da NECO da JAMB suka fi yi a kanta, da wasu kaɗan daga ma'aikatan ofis.

Malam, mece ce ma'anar *disturb* a taƙaice?

Aikatau ce, kuma aiki uku take yi.

Na farko, katse wa mutum abin da yake ciki: barci, karatu, salla, hutu. “The generator disturbed my sleep”, wato ƙarar janareto ta hana ni barci. Wannan ma'anar kowa ya riƙe ta.

Na biyu, taɓa abu ko motsa shi daga yadda aka bar shi. Idan ɗan sanda ya ce “Nothing in the room was disturbed”, nufinsa ba a taɓa komai a ɗakin ba, kowane kaya yana inda yake. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar kamun kifin Argungu ya ga wannan ma'anar da idonsa. Kafin a ba da izini ruwan yana kwance luf. Da an ba da alama, dubban masunta sun afka da homa da gora, nan take ruwan ya koma laka. Bature zai ce “They disturbed the water”. Mu kuma mu ce sun dagula ruwan.

Na uku, tayar da hankali, kuma ita ce ɗalibanmu suka fi rauni a kai. “The report disturbed the parents”: rahoton ya ɗaga wa iyaye hankali. A nan babu hayaniya, babu wanda aka tashe daga barci. Abu ne mutum ya ji ko ya gani, ya tsaya masa a rai, ya hana shi sukuni. Ba tsoro ba ne irin na wanda ya taka maciji, ba kuma fushi ba ne. Ya fi kusa da abin da muke cewa “abin ya sosa mini rai” ko “tun da na ji hankalina bai kwanta ba”.

To ai “dama” ke nan, kamar a “ya dame ni”. Ba shi ke nan ba?

A nan gizo ke saƙa. Kusan duk kuskuren da Bahaushe yake yi da *disturb* daga wannan lissafin ya fito: ya ɗauka duk inda Hausa ta sa “dama” ko “damu” ko “damuwa”, Turanci zai sa *disturb*. Alhali kalmarmu ta fi tasu faɗi nesa ba kusa ba. Da ita muke ciwo, da ita muke ƙauna, da ita muke lallashi, da ita muke ba da haƙuri. Bakabe ya ga ɗan'uwansa ya yi zugum, ya ce masa “Mi ka damunka?” Wannan tambaya ɗaya ta ɗauki zazzaɓi, ta ɗauki bashi, ta ɗauki rigimar gida. Turanci kuwa ya rarraba wannan aiki ga kalmomi da yawa, *disturb* ta sami ɗan yankinta kawai.

A duba. “Kada ka damu” shi ne “Don't worry”. “Ba damuwa” shi ne “No problem”. “Ya damu da ƙanwarsa” shi ne “He cares about his sister”, kuma idan aka kuskura aka rubuta “He is disturbed with his sister” an juya zancen gaba ɗaya, mai karatu zai zaci yarinyar ta yi wani abin assha. “Yunwa ta dame ni” ba ya bukatar komai sai “I am very hungry”. “Me ke damunka?” shi ne “What's wrong?” ko “What's bothering you?”

“Ban damu ba” kuma tana da tarko nata na daban. Idan nufinka ba ka ƙi ba, ko wanne aka ba ka daidai ne, to “I don't mind”. Idan nufinka ko oho, “I don't care”. Baƙo ya tambaye ka ko zai iya buɗe taga a mota, ka ce masa “I don't care” kana murmushi, kai kana ganin ka yi karamci, shi kuwa ya ji gatse.

Akwai kuma “Don't disturb yourself” da muke faɗa da nufin kada ka damu. Jimlar tana nan a Turancin Ingila, amma tsohon yayi ce, kuma ma'anarta “yi zamanka, kada ka tashi saboda ni”.

Na ji likitoci da kansu suna cewa “Is the ulcer still disturbing you?” Su ma kuskure suke yi?

A asibitin Nijeriya, tsakanin likita ɗan Nijeriya da majinyaci ɗan Nijeriya, ba wanda ya ruɗe, saboda haka zancen ya yi aikinsa. Turancin Nijeriya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Bayarabe da Ibo ma haka suke faɗa, a Turancin buroka ma “worry” ke wannan aikin. Masu babban ƙamus na Oxford sun shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya a watan Janairun 2020, ciki har da *okada* da *Kannywood*. Harshe yana bin bakin masu shi.

Sai dai mai duba takardar WAEC ba da wannan ma'aunin yake aiki ba. Insha'i maki 50 ne, 20 daga ciki na iya sarrafa harshe ne, kuma abin da ake nema shi ne daidaitaccen Turanci. A can sai a rubuta “I have malaria”, “I have a headache”, ko “My back has been troubling me”, ko “bothering me”. Haka nan wanda Allah ya kai shi gaban likita a Landan ko Indiya. Shawarata ita ce a san duka biyun, a san inda kowanne ke ci. Abin da ba na so shi ne ɗalibi ya yi amfani da na gida saboda bai san akwai wani ba.

Mene ne bambancin “I am disturbed” da “I am disturbing”?

Mai ɗafa-ƙeyar *-ing* shi ne mai tayar da hankalin, mai *-ed* shi ne wanda hankalinsa ya tashi. “The pictures are disturbing”: hotunan masu tayar da hankali ne. Shi ya sa Facebook kan rufe wasu hotunan haɗari ko na kisa, gidajen talabijin kuma su yi gargaɗi da wannan kalmar kafin su nuna. “I was disturbed by the pictures”: hotunan sun ɗaga mini hankali. Wanda ya rubuta “I am very disturbing” ya sanar da duniya cewa shi ne abin tsoron.

Ga wani wuri da ya kamata a taka a hankali. Idan *disturbed* ta zo a gaban sunan mutum a matsayin sifa, ko ta tsaya ita kaɗai ba a faɗi dalili ba, takan ɗauki ma'anar taɓin hankali. “A disturbed young man” ba saurayin da aka hana barci ba ne, wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta daidai ake nufi. Malamin da ya rubuta a rahoton ƙarshen zango cewa yaro “is disturbed in class”, yana nufin abokansa suna hana shi sauraro, ya rubuta abin da zai firgita duk uban da ya san Turanci. Abin da yake nema shi ne “is easily distracted”. Don kauce wa wannan, a riƙa haɗa kalmar da dalilinta: “disturbed by the news”, “disturbed about the results”, “disturbed to hear that he had left”.

Yaya ake furta ta?

Gaɓa biyu ce, kuma ta biyun ake ƙarfafawa: dis-TURB. Wasalin gaɓa ta biyu shi ne wanda ke cikin *bird*, *nurse*, *learn* da *work*, duk da rubutunsu ya sha bamban. Hausa ba ta da shi, shi ya sa wasu ke cewa “distab”, wasu “distob”. Ana yin sa da leɓɓa a sake, ba a zagaye su ba, harshe a kwance a tsakiyar baki, a ɗan ja sautin. Mutumin Ingila ba ya furta *r* ɗin, Ba'amurke yana furtawa. A takardar furuci ta WAEC, na Ingila ake bi.

Harafin *b* na ƙarshe ana furta shi, ba kamar na *comb* da *lamb* da *climb* ba, inda yake bin *m* ya yi shiru. *Disturbed* ma gaɓa biyu ce, ba uku ba: *b* da *d* a manne, ba “distabed” ba. Wajen rubutu kuma ba a ninka *b*. *Rob* takan koma *robbed*, amma wannan *disturbed* ce da *disturbing*.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Daga Latin. *Turba* cincirindon jama'a ne mai hayaniya, *turbare* kuma yamutsawa ko hargitsawa. Aka sa mata ɗafa-goshin *dis-* don ƙarfafawa. Ta bi ta tsohon Faransanci, wanda ya zama harshen fada da kotu a Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, kuma zuwa ƙarni na 13 ta zauna a Turanci. Danginta suna da yawa: *trouble*, *turbulent*, *turbid* da ake faɗa wa ruwan da ya dagule, *perturb*, har da *turbine*, injin nan da ruwa ke juyawa a madatsar Kainji, wadda tafkinta ya tashi garuruwa a ƙasar Yawuri lokacin da aka kammala ta a 1968.

Abin sha'awa, Bahaushe ma ta wannan hanyar ya bi. Ana dama fura, ana dama kunu, ana kuma damun mutum. Hankali kamar ƙullun da ya kwanta ne a gindin ƙwarya, wani ya sa ludayi ya motsa shi. Wanda ya riƙe wannan hoton zai gane abin da ya haɗa ma'anoni ukun da aka fara da su.

Monitanmu kullum sai ya ce “Stop disturbing!” Daidai ne?

A daidaitaccen Turanci da saura. *Disturb* aikatau so-karɓau ce, sai an faɗi wa aka dama ko me aka dama: “Stop disturbing the class”, “You are disturbing us”. Idan surutu ake nufi kawai, “Stop making a noise” ko “Be quiet”.

Za a ce to ai ga “Do not disturb” ba karɓau. Haka ne, amma wannan rubutun allo ne da ake ratayawa a ƙofar ɗakin otal, kuma alluna sukan yar da kalmomi don gajartawa. Daga ƙofar otal ta koma waya, inda ta zama sunan maɓallin da ke hana kira da saƙo yin ƙara. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ita ma da wannan sunan ta kira tsarin da ta fara a 2016 na toshe saƙonnin talla da kamfanonin waya ke turowa ba a nema ba. Mutum ya rubuta STOP ya aika wa 2442. Wanda saƙonnin caca da na waƙar kira suka addaba, ga magani kyauta.

JAMB takan jero *worry, bother, unsettle, disconcert, perturb, unnerve*. Duk ba abu ɗaya ba ne?

'Yan gida ɗaya ne, halinsu ne ya bambanta, kuma tambayar “mafi kusa a ma'ana” a kan halin take.

*Bother* ita ce mafi sauƙi, ta yau da kullum: ƙuda, zafi, yaro mai naci. *Worry* tunani ne mai komowa a kan abin da ka iya faruwa, kamar manomin shinkafa a fadamar Suru da yake kallon ruwa yana ƙaruwa a watan Satumba. Asalinta a tsohon Turanci shaƙewa ne, har yau ana cewa kare yana *worrying* tumaki idan yana bin su yana cizo. *Upset* ta fi karkata ga ɓacin rai.

*Unsettle* ita ce ta fi kusa da ma'ana ta uku ta *disturb*, sai dai ta fi ta laushi. Mutum ya kasa natsuwa, wani lokaci bai ma san dalili ba. An canza wa yara malami a tsakiyar zango, ko kasuwa ta ji jita-jitar za a buɗe boda a shigo da shinkafa: “The rumour unsettled the traders.” *Disconcert* ta ɗan lokaci ce, ruɗewa da ɗan jin kunya. Ka shirya jawabinka tsaf, ka miƙe, wani dattijo a sahun gaba ya kafa maka ido ko ƙiftawa ba ya yi, sai kalmomin suka watse. *Unnerve* ta fi wannan nauyi: gwiwa ta yi sanyi, ƙarfin halin ya tafi.

*Perturb* ta littafi ce, ba a cika jin ta a hira ba, kuma an fi ganinta a kore: *unperturbed*, wanda ko gezau bai yi ba. Masana taurari suna da nasu amfani da ita, wato yadda jan wata duniya ke karkatar da wata daga hanyarta. Irin wannan karkata da aka lura da ita a tafiyar Yuranus ce ta sa Bafaranshe Urbain Le Verrier ya lissafa inda wata duniyar da ba a sani ba take, aka duba daga Berlin a watan Satumban 1846 aka ga Neftun.

Wadda aka fi rikitawa da *disturb* ba ta ma cikin jerin: *disrupt*. Ita tsari take wargazawa, ba zuciya ba. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi “disrupted farming and transport”, labarinta kuma “disturbed everyone who heard it”. Yajin aiki yana *disrupting* karatu. Ba ya *disturbing* jadawali.

A labarai ina jin “disturbances”. Me ya sa ba a ce faɗa ko tarzoma kai tsaye ba?

*Disturbance* ita ce sunan da aka samo daga aikatau ɗin, kuma a bakin hukuma tana nufin hargitsi a bainar jama'a. Kalma ce mai sanyaya zance. Tana iya ɗaukar cacar baki a tasha, tana iya ɗaukar rikicin da aka rasa rayuka, shi ya sa gwamnatoci ke son ta tun zamanin Turawa. Mai fassara labari sai ya duba abin da ya faru a zahiri kafin ya zaɓi hatsaniya ko tarzoma ko rikici.

A kotu kuma laifi ce mai suna. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci kan “disturbance of public peace” da “inciting disturbance”, wato ta da zaune tsaye da tunzura jama'a. Likitoci ma suna da “sleep disturbance”, wato matsalar barci, masu hasashen yanayi ma suna da tasu.

Zan shiga ofishin shugabana, ko zan kira shi da dare. “Sorry for the disturbance” ya yi?

Za a gane ka, amma ka yi wa kanka sharri, don ka yi kamar ka tayar da hatsaniya a harabar ofis. Abin da ake faɗa shi ne “Sorry to disturb you, sir” idan yana cikin aiki ko hutu, ko “Sorry to bother you”, wadda ta fi sauƙi. Bayan an gama, “Sorry to have disturbed you”. Idan kana son ka tambaya tukuna, “I hope I'm not disturbing you”. Ita ce ke tsayawa a matsayin “Ranka ya daɗe, Allah ya sa ban katse maka aiki ba”.

Kada dai a cika irin wannan ban haƙuri a takardar neman aiki ko ta koke. Takarda ba ta katse wa kowa barci, ba sai an ba da haƙuri a sakin layin farko ba.

Malam, wani a makarantarmu yana ta bibiyata, na hana shi bai bari ba. Zan rubuta wa hukumar makaranta “he is disturbing me”?

'Yata, kada ki rubuta haka. A Turancinmu na gida *disturb* ta ɗauki neman aure na mutunci, ta ɗauki naci, ta ɗauki cin zarafi, duk a kalma ɗaya, kuma wannan ne ke ba mai laifi mafaka. Wanda ya karanta zai iya ɗaukar abin wasan samari ya ajiye takardar. Idan naci ne mai gundura, “He keeps pestering me”. Idan ya kai ga tsare hanya, maganganun banza, saƙonni bayan kin ce ya bari, ko barazana da maki, kalmar ita ce *harass*: “He has been harassing me.” Idan yana bin ki duk inda kika je, “He has been stalking me”. Idan ya tsorata ki, “He threatened me”. Waɗannan su ne kalmomin da ke cikin dokokin makarantu, su ne kwamitin ladabtarwa ba zai iya kau da kai daga gare su ba. Ki rubuta ranaku da wuraren da abin ya faru da ainihin abin da ya faɗa, ki ajiye saƙonnin a wayarki kada ki goge, ki kuma sanar da wani babba a gida.

Idan aka tambayi kishiyarta a jarrabawa fa?

A karanta jimlar tukuna, a gane wace ma'ana ce a ciki. Idan ta tayar da hankali ce, kishiyar *reassure* ce ko *calm* ko *soothe* ko *comfort*. “The doctor's words disturbed her” kishiyarta “reassured her”. Idan ta motsa kaya ce, a nemi *arrange* ko “leave untouched”. Idan sifar *disturbed* aka ja wa layi, a duba *composed* ko *calm* ko *unruffled*. Masu tsara tambaya sun san ɗalibi zai yi tsalle ya kama ma'anar surutu, don haka sukan ajiye masa *quiet* ko *silent* a zaɓi na farko. Takardar Turanci ta JAMB tambaya 60 ce cikin 180, lokaci kuma a ƙure yake, amma sake karanta jimla ɗaya ba ya cin daƙiƙa goma.